Ɗaki Shida da Gonar Baba

Akwai wani tsohon kaye mai shafi ɗari da har yanzu nake ajiye da shi a ƙasan akwatina. Bangonsa ya yage, rubutun bik ɗin ciki ya fara koɗewa. Duk sa'ad da na ji wani aboki a ɗakinmu na jami'a yana cewa, "Ni dai in Allah ya ba ni, gidan haya zan gina in kwanta, kuɗi na shigowa," sai kayen nan ya faɗo mini a rai. Cikinsa na rubuta kuɗin hayar gidan yayana a Tasawa har shekara uku, lokacin ina lise. Abin da na gani a ciki shi nake so in gaya muku, ƴan uwana, don mu da yawa muna da wa ko kawu a Libiya, Aljeriya, Legas ko wajen haƙar zinariya. Ranar da ya dawo da ɗan abin hannunsa kuwa, mu ƴan lakwal ake kira a ce mu zo mu yi lissafi.

Mu mutanen wani ƙauye ne cikin gundumar Urafan. Da zinariya ta bayyana a Jado a 2014, samarin garinmu suka riƙa tafiya rukuni-rukuni. Yaya ya bi su shekarar da ta biyo, ya sha wuya irin wadda har yau ba ya son ba da labarinta, ya dawo ƙarshen 2016, ƴan watanni kafin gwamnati ta rufe wurin. Cikin waɗanda suka tafi tare da shi, wasu da bargo kawai suka komo. Shi Allah ya taimake shi, ya zo da miliyon 3 da rabi.

Shawara ta yi yawa a gidanmu. Wani ya ce shanu, wani ya ce ya sayi wake ya ajiye sai bazara, Inna ta ce aure. Yaya ya ce shi ya ga yadda kuɗi ke narkewa hannun ƴan Jado, moto yau, waya gobe, kafin wata shida sun koma cin bashi. Abin da ba ya mutuwa yake so, wanda ɓarawo ba ya ɗauka. Gaskiyarsa ce, kuma har yau ban ga laifinsa kan wannan ba. Tasawa gari ne kan babbar hanyar Maraɗi zuwa Damagaram, akwai lise da kwaleji, akwai likita, akwai jandarma da ma'aikatan da ake turowa daga nesa, kowa na bukatar wurin kwana. Ya sayi fili jika 800 a wata sabuwar unguwa, ya ce ɗaki shida zai yi na siminti, jere guda, da zaure da bayan gida biyu.

Magini ya yi masa lissafi a baki, Yaya ya yarda a baki. Ba wanda ya sa kuɗin yashi da na ruwan kwaɓi, ba wanda ya sa haƙar masai, ba wanda ya tuna siminti zai iya hawa tsakanin wata da wata. Gini na kaiwa kan taga kuɗi suka ƙare ƙaf. Ga damina ta ƙarato, ga mutane na wucewa suna nuna kangon da baki. Wanda ya san garinmu ya san abin da wannan ke nufi: an ce ka zo da kuɗin zinariya, yanzu ga bango tsaye ba rufi.

Ya fara zuwa banki. Aka yi masa bayani da mutunci cewa bashi mai dogon wa'adi na wanda albashinsa ke bi ta bankin ne, ko mai babbar takardar mallaka da za a riƙe. Takardar da mairi ke bayarwa in ka sayi fili, wadda muke kira akt da sasiyo, ita ce matakin farko. Babbar takardar, titir fonsiye, sai an auna fili, an bi ofisoshi, an kashe wasu kuɗin. Yaya ba shi da albashi, ba shi da titir. Sai ya nufi ɗaya daga cikin asusun nan masu ba ƴan kasuwa bashi, wani ɗan kasuwa abokinsa ya tsaya masa, aka ba shi miliyon 1 a kan ya biya cikin wata 12, kusan jika 95 kowane wata.

Baba bai so ba. Ya ce, "Kuɗi da ruwa ba su da albarka, kuma mi za ka biya da shi?" Yaya ya ce, "Baba, ku kwantar da hankalinku, gidan shi za shi biya kanshi." Wannan magana, gida zai biya kansa, ita ce ta kai mu inda ta kai mu. Ni ina zaune a wurin, na ci jarrabawar shiga lise, na iya lissafin da ya fi wannan wuya, amma ban buɗe baki ba. Ɗaki shida a jika 8 kowane, jika 48 ke nan a wata. Asusu na son 95. Ko da ɗakunan sun cika tun ranar farko, kowa na biya ran ɗaya ga wata, rabin bashin kawai haya za ta ɗauka. Yaron firamare zai iya wannan lissafi. Kunyar yi wa babba gyara gaban Baba ta hana ni, kuma gaskiya ni ma ina ɗokin in samu wurin kwana a birni.

Watan Oktoba 2017 na tare a zauren gidan da tabarmata da kaye. Yaya ya ce, "Kai ne wakilina, duk wanda ya biya ka rubuta." Cikin sati biyu ɗakuna suka cika: malaman kwantiragi biyu, wani ma'aikacin likita, wani mai gyaran waya, da ɗalibai ƴan ƙauye irina da suka haɗu uku-uku a ɗaki biyu. Yaya ya yi murna, ni ma haka.

Sai wata ya ƙare. Ashe ɗaya daga cikin malaman nan shi aka ba ajinmu lissafi. Ku duba wannan hali: da safe yana gaban allo ina ce masa Mushe, da dare in tsaya ƙofar ɗakinsa da kaye a hannu. Ran da na fara zuwa, na yi sallama na durƙusa na gaishe shi, na kasa faɗin abin da ya kawo ni. Shi ya gane, ya ce, "Ƙanena, ka gaya ma yayanka ba a biya mu ba tukuna. Ran da aka biya, kai zan fara nema." Kuma bai yi ƙarya ba, mutumin kirki ne, duk sa'ad da kuɗinsu suka fito yakan biya wata biyu a haɗe. Amma asusu ba ya jiran ranar da za a biya malamai. Ran biya na yi, waya za ta yi ƙara.

Da shekara ta zagayo na zauna na tara abin da ke cikin kaye. Ɗaki shida sau wata 12, ya kamata a ce an biya haya sau 72, jika 576. Abin da ya shigo sau 51 ne, jika 408. Ga inda sauran 21 suka tafi. Da aka yi hutun ƙarshen shekara, malamai da ɗalibai suka koma garuruwansu daga Yuli har Satumba, ɗaki huɗu suka zauna wayam wata uku, 12 ke nan. Mai gyaran waya ya tashi, kafin a samu wani sai aka kawo wata gwaggon Inna likita daga ƙauye, ita da masu jinyarta suka zauna ɗakin wata huɗu, kuma wa zai ce wa mara lafiya ta biya haya gidan jikanta? Sauran biyar bashi ne da ya bi ruwa: an canza wa wani wurin aiki ya tafi da alkawarin zai aiko, wasu ɗalibai kuma damina ba ta yi wa iyayensu kyau ba. Daga cikin 408 ɗin aka cire jika 70 na yashe masai, gyaran kwanon da iskar farkon damina ta ɗaga, ƙofa guda, da kuɗin wutar da wani ya bari. Abin da ya rage jika 338.

Yaya ya zuba miliyon 4 da rabi a gidan nan. A lissafin baki, shekara takwas zai mai da kuɗinsa. A lissafin kaye, sai ya haura shekara 13. In ka duba ta wata fuskar, kowace dala ɗari da ya sa cikin gini tana kawo masa dala bakwai da rabi a shekara. Shi kuwa bashin asusu, tun 2014 dokar ƙasashenmu masu amfani da sefa ta yarda ruwansa ya kai 24 cikin 100 a shekara, kuma namu bai yi nisa da nan ba. Ka ari kuɗi mai cin 24 ka zuba cikin abin da ke kawo bakwai, dole wani abu na gidanku ya cike giɓin.

A gidanmu, abin da ya fara tafiya sa ne da amalanke. Da rani ya yi tsakiya a 2018, aka fara zancen za a taɓa kayan shagon abokin nan da ya tsaya wa Yaya, sai magana ta dawo gaban Baba. Babbar gonarmu, wadda kakanmu ya sare, ita kaɗai ta rage mai daraja. Aka jinginar da ita ga wani mai hali na ƙauyen da ke kusa da mu a kan jika 550. Ga wanda bai san jingina ba cikinku ƴan birni: mai kuɗi zai riƙa noma gonar yana cin amfaninta har ran da ka mai da masa kuɗinsa cif. Ba a rage ko dala don ya ci amfanin shekara. A ƙasar Maraɗi, inda mutane suka yi yawa gonaki suka tsuke, kowa ya san gonar da ta tafi jingina sau da yawa ba ta komowa.

Ranar da za a karɓi kuɗin, Baba ya yi wani abu da ya ba kowa mamaki. Mutumin da bai taɓa shiga lakwal ba ya ce shi ba ya karɓar ko tamma sai an yi takarda. Mai kuɗin ya ji haushi, ya ce, "Haba Malam, tsakaninmu har sai da takarda?" Baba ya ce, "Ni da kai mun yarda da juna. Ɗiyanmu nika ji." Aka je wurin mai gari da ƴan kwamitin ƙasa na ƙauye, waɗanda muke kira kofo, da aka kafa bisa dokar karkara ta 1993. Aka rubuta takardar jingina, da iyakokin gona, da adadin kuɗi, da shaidu, kowa ya dangwala hannu. Ni na karanta wa Baba ita sau biyu kafin ya sa yatsa.

An gama biyan asusu, gida ya tsira. Amma damina huɗu muna kallon wani na noma gonarmu. Ƙaramar gonar da ta rage ba ta kai mu ko watan shida ba, sai ga shi kuɗin hayar da ake cewa za mu kwanta muna ci, hatsi muke auna da su a kasuwa, tiya-tiya. Yaya ya koma Agadas aikin ƙarfi don ya tara na fansar gona. Bai yi auren ba sai bayan shekara biyar. A 2021 mai riƙe da gonar ya rasu, ƴaƴansa suka ce su dai sun san babansu saye ya yi. Ba don takardar nan da Baba ya nace a kanta ba, da yanzu wani labari nake ba ku. Farkon 2022 aka kai musu kuɗinsu gaban mai gari, gona ta dawo. Ranar Baba bai ce komi ba, ya dai ɗauki hauya ya tafi ya kewaye ta shi kaɗai, alhali ko girgije babu a sama.

Cikin waɗannan shekarun nakan je hutu Mayahi wurin gwaggona, ƙanwar Baba. Ita ma tana da ɗakunan haya, kuma a wurinta na ga ɗaya hanyar. Man gyaɗa da ƙuli-ƙuli take yi, tana kuma sayen tabarmin kaba wurin matan da ke saƙa a bakin Gulbin Kaba ta kai kasuwa. Tana cikin ƙungiyar Mata Masu Dubara, irin asusun matan nan da ƙungiyar CARE ta fara a jihar Maraɗi a 1991, wanda yanzu ake kwaikwayo a ƙasashe da yawa na Afirka. Kowane sati suna zuba ɗan abin da suka yanka wa kansu, mai bukata ta ara ta mayar, in zagaye ya cika a fasa a raba. Da rabonta na shekara biyu ta yi ɗakin farko, na laka, ta sa aka yi masa gindi mai ƙarfi da rufin kwano. Ta ba wani mai sayen wake ya riƙa ajiye buhunansa. Kuɗin hayar ba ta taɓa su ba, ta haɗa da rabon gaba ta yi na biyu. Yanzu ɗaki huɗu gare ta, biyu na ajiya, biyu na kwana, kuma ba wanda ya taɓa buga mata waya ran ɗaya ga wata.

Na taɓa ce mata, "Gwaggo, da kun ari kuɗi kun gina su gaba ɗaya, ai da tuni kuna cin haya." Ta yi dariya ta ce, "Ɗana, in na ci bashi, na gyaɗa nika ci, don gyaɗa kwana bakwai ta zama kuɗi. Bango kau sai shekara goma." Duk abin da na zauna na lissafa cikin kaye, ita ta san shi tun ba a haife ni ba. Bashin wata 12 na abin da ke juyawa cikin wata 12 ne. Gini na son kuɗin da ba mai zuwa nemansu gobe.

To ɗan uwa, in ranar ta zo aka kira ka lissafi, ga abin da zan ce ka yi. Ka lissafa haya da wata takwas ko tara, kada ka lissafa da 12, musamman in masu hayarka malamai ne da ɗalibai. Daga abin da ya fito ka ware na gyara, ka kuma je ofishin haraji ka tambayi abin da ake bin gidan haya tun kafin su zo da kansu. Sannan ka raba kuɗin ginin gaba ɗaya da abin da ya rage, ka faɗa wa mai kuɗin shekara nawa zai jira. In ya ji adadin ya ce ya yarda, madalla.

In kuɗin hannu na ɗaki uku ne, a yi uku a rufe a sa ƙofa, a bar wurin sauran. Da Yaya ya yi haka, da ba asusu, da ba jingina. Ɗaki uku masu rufi na kawo kuɗi, shida marasa rufi sai awaki. Kuma a sa magini ya faɗi komi a rubuta, har yashi da ruwa da masai, a ƙara wani abu a kai don tashin kaya. Mun ga yadda farashi ya yi bayan an rufe iyaka da Najeriya a 2023, mun kuma ga gwamnati ta sauko da kuɗin siminti a Oktoba 2024. Farashin da aka gaya maka yau ba lalle shi za ka tarar ran da ka kai rufi ba.

In bashi ya zama dole, tambaya guda ce: in ɗakunan nan suka zauna wata uku ba kowa, da me za a biya? Mai albashi na da amsa, mai shago mai ciniki na da amsa. Wanda amsarsa ita ce gonar gida, ya haƙura tukuna. Ko bankin Musulunci ka je, inda za su sayo maka siminti da kwano su sayar maka da ribar da kuka yanka don a kauce wa ruwa, biyan wata-wata na nan yana jiranka, tambayar ba ta canza ba.

Fili kuma, a je a gan shi cikin watan Agusta. Tasawa gari ne mai tabkuna, wurin da ke shimfiɗe kamar faranti da rani zai iya zama gidan kwaɗi da damina. Ruwan 2024 da ya rushe dubban gidaje a jihar Maraɗi ya nuna wa kowa haka. Namu gidan ya tsira don kan tudu yake, kuma sa'a ce kawai, don da rani Yaya ya saya bai tambayi kowa ba. A kuma kai takardar filin mairi a duba lambarta cikin littafinsu kafin a biya, don fili guda kan samu masu shi biyu. Gonar bakin gari da ba a yanka ba tukuna tana da araha, amma ran da aka zo yanka unguwa, hanya na iya bi ta tsakiyar ɗakinka.

Na ƙarshe, takarda. Tsakaninka da mai haya a rubuta kuɗin wata, ranar biya, wa ke biyan wuta da ruwa, abin da za a yi lokacin hutu, da kwana nawa zai sanar kafin ya tashi. Tsakanin ƴan gida ma a faɗa tun farko ko akwai ɗakin baƙi, don dangi za su zo, kuma ba za ka kore su ba. Gara ka san ɗaki biyar kake haya da su, na shida na zumunci ne, da ka riƙa jin haushin mara lafiya a zuci.

Gidan Yaya na nan, an ma yi masa fenti bara. Yanzu da ba bashi a kansa yana taimakon gida sosai, daga cikinsa ake aiko mini kuɗin fotokofi da na abinci. Ƙanena ne ke kwana a zauren, shi ke riƙe da sabon kaye. Da na je hutun da ya wuce, na tarar Yaya na zancen ƙara ɗaki biyu a bayan gida. Ya dube ni ya ce, "Malamin lissafi, mi ka gani?" Wannan karon ban yi shiru ba. Na ɗauko tsohon kayen, muka zauna a tabarma ni da shi da Baba, muka bi shi shafi-shafi har aka kira la'asar. Aka tsaya kan ɗaki guda, bayan kaka, in wake ya yi kuɗi. Allah ya kai mu.